Ƙauna ko Haƙƙi? Nazarin Babin Maƙwabci a Cikin Wasiƙar "Kalimatun Sawa'"

Tsakure

Wannan maƙala ta yi nazarin babi na biyu na wasiƙar da malamai da shugabannin Musulmi 138 suka aika wa shugabannin Kirista a shekarar 2007, wato babin da ya yi magana a kan maƙwabci. Maƙalar ta yarda da kyawun manufar wasiƙar, sai dai ta nuna cewa babin ya ɗora gininsa a kan lafazin ƙauna, ya bar lafazin haƙƙi wanda a kansa Alƙur'ani da Sunna da littattafan malamai suka tsayar da mas'alar. Saboda haka bai amsa shubuhar masu ganin kyautata wa wanda ba Musulmi ba jiɓinta ce, bai kuma fayyace wane ne maƙwabci ba. An auna wannan giɓi da halin da wasu garuruwanmu suke ciki.

Gabatarwa

Yabo da godiya sun tabbata ga Allah, wanda Ya sanya sashen bayinSa yana bukatar sashe. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

Akwai tambayar da kusan kowace shekara nake samu daga ɗalibai idan muka iso babin mu'amala da wanda ba Musulmi ba. Wani zai ce: "Malam, maƙwabcina Kirista ne, mahaifiyarsa ta rasu, shin ya halatta in je masa gaisuwa?" Wata kuma ta ce: "Matar da muke haya gida ɗaya da ita ta kwanta asibiti, mijinta ba ya gari, na kwana wurinta, sai aka ce mini na jiɓinci kafirai." Masu waɗannan tambayoyi sun haddace ayoyin wala'i da bara'i, kuma zukatansu suna gaya musu cewa barin maƙwabci cikin ƙunci rashin mutunci ne. Suna neman wanda zai nuna musu, da hujja, cewa nassi da zuciyar tasu ba su yi karo ba. Gobe waɗannan ɗalibai ne za su hau mumbari, kuma amsar da suka tafi da ita ita ce za ta shiga unguwanni.

Da wannan ma'auni na sake karanta wasiƙar "Kalimatun Sawa'", domin tana cikin rubuce-rubucen da suka fi shahara a wannan zamani a kan alaƙar Musulmi da Kirista, kuma ita ce ta mayar da zancen maƙwabci ginshiƙin wannan alaƙa.

Asalin wasiƙar

A watan Satumba na 2006 Fafaroma Benedict na 16 ya gabatar da lacca a jami'ar Regensburg ta ƙasar Jamus, inda ya kawo maganar wani sarkin Rumawa na ƙarni na 14 mai ɗauke da suka ga Manzon Allah (SAW). Bayan wata ɗaya malamai 38 suka aika masa da buɗaɗɗiyar wasiƙa ta raddi cikin ladabi. Da shekara ta zagayo, a watan Oktoba na 2007, daidai da ƙaramar Sallah ta 1428 Hijiriyya, aka fitar da wasiƙa ta biyu, wadda ta fi ta farko faɗi, ƙarƙashin Cibiyar Alul Baiti ta ƙasar Jodan, kuma Yarima Ghazi bin Muhammad ne ya tsara ta. An ɗauko sunanta daga aya ta 64 ta Suratu Ali Imrana. Cikin masu sa hannu akwai Sunni da Shi'a da Ibadi, akwai kuma Mai Alfarma Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar, don haka mu ma muna da haƙƙin yi mata hisabi.

Wasiƙar ta kasu gida uku: ƙaunar Allah, ƙaunar maƙwabci, da kira zuwa ga kalmar da ta daidaita tsakanin ɓangarorin biyu. Ta samu karɓuwa. Shugabanni da malaman Kirista sama da 300 suka sa hannu a amsar da ta fito daga jami'ar Yale ta Amurka a Nuwamba 2007, aka yi zaman farko na dandalin Katolika da Musulmi a Rum a Nuwamba 2008, sannan a 2010 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware makon farko na Fabrairu domin jituwa tsakanin mabiya addinai. Duk wanda ya tuna zafin waɗancan shekaru zai san cewa sanyaya shi da alƙalami aiki ne da ya cancanci yabo.

Abin da babin maƙwabci ya ƙunsa

Babin ƙaunar Allah mai tsawo ne, cike da ayoyi da sharhi. Babin maƙwabci kuwa gajere ne ƙwarai. A ɓangaren Musulunci ya kafa hujja da hadisin da ya rataya cikar imani ga so wa ɗan'uwa abin da mutum yake so wa kansa, sai lafazin da ya ambaci maƙwabci a gurbin ɗan'uwa, sannan aya ta 177 ta Suratul Baƙara da aya ta 92 ta Ali Imrana. Daga nan ya tsallaka zuwa nassoshin Linjila da Attaura. Ya kuma faɗi magana mai kyau, wadda adalci ne a ambata: cewa tausayi a zuci ba ya isa sai an haɗa shi da kyauta da sadaukarwa. Wannan gaskiya ne, kuma ayoyin biyu suna ƙarfafa shi.

Amma mai karatu da ya san littattafan hadisi zai tsaya a wurare biyu. Na farko, abin da aka gabatar kamar hadisai biyu asalinsa hadisi ɗaya ne na Anas ɗan Malik (RA). Bukhari ya ruwaito shi da lafazin ɗan'uwa ba tare da kokwanto ba. Muslim kuwa ya kawo shi da shakkar mai ruwaya tsakanin ɗan'uwa da maƙwabci, kuma Imam Annawawi (ya rasu 676H) ya yi nuni ga wannan a sharhinsa. Ke nan kalmar da aka ɗora babin gaba ɗaya a kanta ita ce wadda mai ruwayar bai yanke da ita ba. Hadisin ingantacce ne, amma mai jayayya ya samu ƙofa: zai ce lafazin da ya tabbata shi ne ɗan'uwa, ɗan'uwa kuwa shi ne Musulmi.

Na biyu, hadisin ya zo da harafin lamun, kuma Hausa tana fito da bambancin sarai. "Ka so shi" daban, "ka so masa" daban. Umarnin da ke cikin Linjila yana magana a kan ƙaunar maƙwabcin kansa, hadisin kuwa yana magana a kan so masa alherin da kake so wa kanka. Ma'anonin biyu suna da kusanci, amma taken babin ya haɗe su wuri ɗaya domin a samu daidaito da lafazin waɗanda ake rubuta wa. Kunnen Bahaushe ma yana jin wannan. "Ƙaunar maƙwabci" furuci ne da ya fi saba ji daga bakin maƙwabcinsa Kirista. Abin da ya tashi yana ji a makarantar allo da zauren malam shi ne "haƙƙin maƙwabtaka".

Hujjojin da aka bari

Abin mamaki shi ne, babin da aka keɓe wa maƙwabci bai kafa hujja da ayar maƙwabci ba, wato aya ta 36 ta Suratun Nisa'i. A cikinta Allah Ya haɗa umarnin kaɗaita Shi da umarnin kyautata wa iyaye da dangi da marayu da miskinai, sannan Ya ambaci maƙwabci iri biyu: makusanci da manisanci. Aɗɗabari (ya rasu 310H) ya kawo fassarar Naufu Asshami cewa na farko shi ne Musulmi, na biyu kuma Bayahude da Banasare, ko da yake shi kansa ya rinjayar da cewa kusancin na zumunta ne. A kowace fassara aka tsaya, ayar ba ta sharɗanta addini ba. Shi ya sa Alƙurɗubi (ya rasu 671H), malamin tafsiri Bamalike, ya yanke cewa wasiyya da maƙwabci ta game Musulmi da kafiri, kuma ya ce wannan shi ne ingantacce. Ibnu Hajar (ya rasu 852H) ya faɗaɗa a Fathul Bari, ya ce sunan maƙwabci ya haɗa da mai ibada da fasiƙi, aboki da abokin gaba, baƙo da ɗan gari, kowa da matsayinsa.

A Sunna kuwa, hadisin wasiyyar Mala'ika Jibrilu game da maƙwabci, wadda ta yawaita har Annabi (SAW) ya zaci za a sanya shi cikin magada, Bukhari da Muslim sun haɗu a kansa. Mun kuma san yadda sahabi ya fahimce shi. Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito cewa an yanka akuya a gidan Abdullahi ɗan Amru (RA), ya dinga tambayar ko an kai wa maƙwabcinsu Bayahude, kuma da wannan hadisin ya kafa hujja. Ga fahimtar sahabi a aikace, babu shakkar mai ruwaya, babu bukatar tawili. Akwai hadisin Abu Zarri na ƙara ruwa a miya domin a ɗiba wa maƙwabta, da na Nana A'isha cewa wanda ƙofarsa ta fi kusa shi ake fara kai wa kyauta, da na Abu Huraira da ya hana mutum ya hana maƙwabcinsa kafa azara a bangonsa. Akwai ziyarar da Annabi (SAW) ya kai wa yaron nan Bayahude mai yi masa hidima lokacin da ya kwanta ciwo. Amma hadisin da ya raba maƙwabta gida uku, mai haƙƙi ɗaya da mai biyu da mai uku, wanda masu wa'azi suke yawan kawowa, isnadinsa da rauni, kuma ba mu da bukatar jingina da shi.

Duk waɗannan nassoshi suna magana ne a kan nama da miya da bango da jinya. Daga cikinsu malamai suka fitar da babi mai iyakoki. Algazali (ya rasu 505H) ya jero haƙƙoƙin maƙwabci a Ihya'u, tun daga gaisuwa da ta'aziyya har zuwa tsare masa gida idan ya yi tafiya da barin leƙen tsiraicinsa, ya kuma ce kame hannu daga cutar da shi bai isa ba sai an haɗa da jure cutarwarsa. Azzahabi (ya rasu 748H) ya keɓe wa mas'alar ɗan littafi sukutum. Fa'idar lafazin haƙƙi ita ce, haƙƙi bashi ne: yana nan a kanka ko kana jin daɗin mutumin ko ba ka ji, kuma za a tambaye ka. Ƙauna kuwa tana hawa tana sauka, kuma ita ce ke fara gushewa ranar da gari ya rikice.

Birru da muwalati

A nan ne giɓin ya fi cutarwa. Mai shubuha yana riƙe da farkon Suratul Mumtahana da ƙarshen Suratul Mujadala, inda aka hana soyayya da maƙiyan Allah da ManzonSa. Idan aka tare shi da kalmar ƙauna kawai, an shiga filin da ya fi ƙarfi. Wasiƙar ta kawo aya ta 8 ta Mumtahana, amma a babi na uku, a matsayin tabbaci ga Kirista cewa Musulunci ba ya gaba da wanda bai yaƙe shi ba. Ba ta yi amfani da ita wajen warware wa Musulmi mas'alar ba.

Wannan warwara kuwa tana nan tun ƙarni na bakwai na Hijira. Shihabuddin Alƙarafi (ya rasu 684H) ya keɓe mata bambanci na 119 a littafinsa Alfuruƙ, inda ya raba tsakanin birru, wato kyautatawa, da kuma nuna soyayyar da ke ɗauke da girmama kafirci. Abin da ya lissafa a ƙarƙashin birru ya haɗa da tausasa wa mai rauninsu, toshe bukatar matalaucinsu, ciyar da mai yunwa, tufatar da marar sutura, tausasa harshe don jinƙai, jure cutarwarsu a maƙwabtaka, kare dukiyarsu da iyalansu da mutuncinsu, da yi musu addu'ar shiriya. Ɗalibar da ta kwana a asibiti ba ta fita daga wannan jeri ba ko da taki ɗaya. Aɗɗabari ya ƙi yarda da cewa an shafe ayar, ya ce ta game mabiya kowane addini. Alƙali Abubakar Ibnul Arabi (ya rasu 543H) ya ƙara wani abu mai zurfi: ya fassara ƙisɗin da ke cikin ayar da ba su wani kaso na dukiya don sada alheri, domin adalci wajibi ne ko ga wanda ya yaƙe ka, don haka ba shi ne ayar take keɓe masu zaman lafiya da shi ba.

Masu tsanantawa su ma suna da nasu kuskuren. Soyayyar ɗabi'a ba ta shiga hanin ba. Aya ta 56 ta Suratul Ƙasas ta sauka game da Abu Ɗalib, wanda Annabi (SAW) yake so. Shari'ar da ta halatta auren mace Ma'abociyar Littafi ta san cewa aure ba ya rabuwa da so da jinƙai. Asma'u 'yar Abubakar (RA) kuma an umarce ta da ta sada zumuncin mahaifiyarta alhali tana mushirika.

Fiƙihu bai ɓoye iyakoki ba, mu ma kada mu ɓoye su don neman yabo. Jumhurun malamai ba sa ba wanda ba Musulmi ba zakkar dukiya da sunan talauci, amma sadakar ganin dama halal ce, kuma malaman tafsiri sun ambaci cewa aya ta 272 ta Baƙara ta sauka ne a kan haka. Abu Hanifa ya halatta ba ɗan amana zakkar fid da kai. A mazhabarmu, Mukhtasar na Khalil ya lissafa ciyar da kafiri naman layya cikin makaruhai, masu sharhi suka yi saɓani a kan faɗin karhancin, wasu mazhabobin kuma suka halatta. Karhanci ne a kan naman ibada guda, bai shafi tuwon dare ko kuɗin magani ba. A matakin hukuma ma, Abu Yusuf (ya rasu 182H) ya kawo a Kitabul Kharaj yadda Umar (RA) ya yanka wa wani tsoho Bayahude mai bara abin masarufi daga baitulmali, da yadda yarjejeniyar Khalid ɗan Walid da mutanen Hira ta ɗauki nauyin tsofaffi da gajiyayyunsu.

Wane ne maƙwabci a garin da ya rabu?

Wasiƙar ba ta yi wannan tambaya ba, alhali a wurinmu ita ce mai zafi. Bayan rikicin Kaduna na 2000 da na 2002, jama'a da yawa sun yi ƙaura, Musulmi suka fi taruwa a arewacin kogi, Kirista a kudancinsa. Jos ma ta ga irin wannan bayan rikicin 2001 da 2008 da 2010. Yaro yana iya girma a unguwa bai taɓa cin abinci a gidan wanda ba addininsu ɗaya ba. Idan aka ce masa ya ƙaunaci maƙwabcinsa, zai duba dama da hagu ya ga 'yan masallacinsu, ya ce ya cika umarni.

Malamanmu sun tattauna iyakar maƙwabtaka. An ruwaito gida arba'in ta kowace fuska daga wasu magabata kamar Al'auza'i, wasu suka ce duk wanda ya ji kiran salla. Alƙurɗubi ya kawo ra'ayin cewa wanda kuke zaune gari ɗaya ma maƙwabci ne, da hujjar aya ta 60 ta Suratul Ahzab, wadda ta kira zaman munafukai tare da Annabi (SAW) a Madina maƙwabtaka. A bisa wannan, kogi ba ya yanke haƙƙi. Abokin rumfa a kasuwa, da wanda gadonsa ke kusa da naka a asibiti, da ɗan gudun hijirar da aka sauke a makarantar firamare ta garinku, duk suna da rabo, gwargwadon kusanci da bukata.

Akwai kuma ma'ana ta biyu da kalmar jiwari take ɗauke da ita a Larabci, wato ba da mafaka. Aya ta 6 ta Suratut Tauba ta umarci a ba mushirikin da ya nemi mafaka, a kuma kai shi inda zai aminta. Ummu Hani'i ta ba da mafaka ranar buɗe Makka, Annabi (SAW) ya zartar. Shi kansa ya shiga Makka bayan dawowarsa daga Ɗa'ifa a ƙarƙashin mafakar Muɗ'im ɗan Adiyyi, wanda ya mutu a kan shirka, kuma Bukhari ya ruwaito cewa bayan Badar Annabi (SAW) ya nuna da Muɗ'im yana raye ya roƙi a saki fursunonin, da ya sakar masa su. Alherin wanda ba Musulmi ba abin tunawa ne da sakayya.

Wannan ma'ana ce ta bayyana a ƙauyen Nghar na ƙaramar hukumar Barikin Ladi a jihar Filato, ranar 23 ga Yuni 2018. Mahara ɗauke da makamai suka auka wa ƙauyukan yankin, jama'a suka gudo, mafi yawansu Kirista. Limam Abubakar Abdullahi, yana da shekara 83 a lokacin, ya shigar da mata gidansa, maza kuma masallaci, ya tsaya a waje ya hana maharan shiga, yana roƙonsu har ya miƙa ransa a madadin na baƙinsa. Mutum 262 suka tsira, kamar yadda Ma'aikatar Harkokin Wajen Amurka ta ambata lokacin da ta karrama shi a Yuli 2019. Da 'yan jarida suka tambaye shi dalili, cikin abin da ya ambata har da cewa Kiristocin yankin ne suka ba Musulmi filin masallacin shekaru da dama da suka wuce. Alheri danƙo ne, in ji Hausawa. Allah Ya saka masa da mafificin sakamako. Abin da ya kamata ya dame mu shi ne yadda aka ba da labarinsa kamar wani abin al'ajabi da ya saɓa wa addininsa, alhali hukunci ne sananne ya aiwatar, wanda ke rubuce a littattafan da muke karantarwa.

Kammalawa

Wasiƙar "Kalimatun Sawa'" an rubuta ta ne ga fafaroma da manyan limaman coci, kuma a wannan fage ta cim ma burinta. Bai dace a zarge ta da rashin zama littafin fiƙihu ba. Amma tunda ta zaɓi maƙwabci ya zama rabin saƙonta, da ta kawo ayar Nisa'i da aikin Abdullahi ɗan Amru da bambancin Alƙarafi, da ta gabatar wa Kirista abin da Musulunci ya keɓanta da shi a wannan babi, ta kuma ba Musulmi hujjar da zai tsaya a kanta a gaban mai shubuha. Neman lafazin da ya yi kama da na abokin zance ya sa ta bar wanda ya fi ƙarfi a hannunta.

Cike wannan giɓi aikinmu ne. Ya kamata babin haƙƙin maƙwabtaka ya samu gurbinsa a manhajar fiƙihu tare da hukunce-hukuncensa da saɓanin da ke cikinsa, maimakon a bar shi a darasin ladubba da ake wucewa da sauri. Ya kamata kwamitocin masallatai da ke raba abinci a Ramalana ko tallafi bayan ambaliya da gobara su rarrabe asusun zakka da na sadaka, domin kada tsoron kuskure a zakka ya sa su tsallake ƙofar gwauruwar da ba Musulma ba. Ɗalibin da ya tambaye ni game da gaisuwar mutuwa kuwa, amsar da nake ba shi ita ce ya je, ya zaɓi lafazin da shari'a ta yarda da shi, ya kuma sani cewa haƙƙi ne ya sauke. Allah ne Mafi sani.